Ba da Ƴaƴanmu Za a Toshe Iyaka Ba: Martani Daga Ɗan Issa

Malam, sau biyu na karanta rubutunka a kan tsaron bakin iyaka. Karatun farko a tsaye na yi shi, a tashar Ɗan Issa, ina jiran motar Maraɗi, kuma ba zan ɓoye maka ba, akwai wuraren da na riƙa gyaɗa kai. Na biyun a gida ne bayan isha'i, littattafan ɗalibaina na gefe suna jiran gyara. A nan jikina ya yi sanyi, domin shekarun da ka ambata, 14 da 15, su ne shekarun yaran da sunayensu ke rubuce a bangon waɗannan littattafai.

Abu biyu ka nema daga hukuma. Na farko, a bar kowane ƙauye na bakin iyaka, daga nan har Gidan Rumji, ya kafa rundunar sa-kai, a ɗauki duk namijin da zai iya saɓa bindiga ko da bai wuce shekara 14 ba, tunda a ganinka ɓarayin daji ba sa tambayar shekarun wanda suke ɗauka, to mu me zai sa mu tsaya tambaya. Na biyu, yaron da aka kama yana kai wa ɓarayi kaya ko labari a daina kiransa yaro, a yi masa abin da ake yi wa babba, har ka nuna cewa in an gama da shi a inda aka kama shi, an rage mugun iri. Ka kafa hujja da tarihin Maraɗi, ka kafa da addini, sannan ka ce masu maganar haƙƙin yara ƴan birni ne da ba su taɓa kwana cikin gero don tsoron harin dare ba.

A nan Ɗan Issa aka yanke cibiyata, a nan nake koyarwa. Na san gidajen da aka sayar da gona da shanun huɗa don a fanso mutum ɗaya. Na san ƙauyukan wajen Gabi, masu maƙwabtaka da dajin Baban Rafi, inda magidanci ke kwana da dabbobinsa a ɗaki guda. Tun 2019 muke kallon dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suna tsallakowa da ƴan ƙunshin kayansu a ka, har aka kafa musu matsugunai a Cadakori da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Ciwon da ya sa ka ɗauki alƙalami ciwona ne. Da maganin da ka kawo nake jayayya.

Ka yi rubutu kamar yaro yana shiga harkar daji ne ranar da aka miƙa masa bindiga. Duk wanda ke zaune a nan ya san da aike abin ke farawa. Ɓarawon daji yana da bindiga da babur, amma ba shi da gidan burodi, ba shi da gidan mai, ba shi da shagon cajin waya. Kullum sai an kai masa. Babba in ya ɗauko jarka huɗu ya nufi daji, ido na kansa. Yaro mai amalanken jaki kuwa, ko mai tallar ƙosai, ko mai kiwon awaki, wa zai tsayar da shi? Saboda haka ake nemansa. Yau burodi da taba, gobe katin waya da ƙwaya, jibi a tambaye shi wane ne ya sayar da sa ranar kasuwa, wane gida ne ɗansu ya aiko kuɗi daga Libiya. Kafin ya ankara ya zama infoma, kuma daga ranar da aka ɗauke mutum bisa labarin da ya bayar, an ɗaure shi da igiyar da ba ya iya kwancewa: in ya faɗa a gida za a kashe shi, in ya daina aike waɗanda ke daji za su tona shi. Bindiga ita ce ta ƙarshe, sai wanda hanyar gida ta riga ta toshe masa ake miƙa wa ita.

Na ga wannan da idona. Wata shekara ina da ɗalibi a aji shida, shekarunsa 13, mai kaifin lissafi, wanda ya fara yin gyangyaɗi a aji da hantsi. Sai na ga waya a aljihunsa, alhali na san mahaifinsa ko rediyo ba shi da ita. Na yi kwana uku ina lallashinsa kafin ya buɗe baki. Wani mutum ne ke ba shi jika 2 ta sefa ya kai jarkar mai gindin wata tsamiya bayan magariba, ya ajiye ya juyo. Sau biyar ya yi. Da na tambaye shi ko ya san masu ɗauka, sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Mushe, ban taɓa tsayawa na gani ba, amma na sani.” Ya ce da kuɗin farko ya saya wa mahaifiyarsa tiyar masara. Malam, a bisa shawararka ta biyu, da ƴan sa-kai ne suka ci karo da shi a gindin tsamiyar nan, da ba a kai gawarsa gida ba ma. A bisa shawararka ta farko kuma, shekara ɗaya tak ta rage a ba shi bindiga a ce ya tsare gari. Yaro ɗaya ne kake magana a kansa a wurare biyun, kuma duk inda aka jefa shi, an raba shi da aji.

Me ya sa jika 2 ta isa ta sayi yaro a Ɗan Issa? Wannan tambaya ce rubutunka ya tsallake, alhali ita ce gindin magana. Garin nan da iyaka yake ci. Tsakaninmu da Magamar Jibiya tafiyar ƴan mintoci ce a babur, kuma rabin gari da wannan hanya yake samun tuwon dare: ƴan kabu-kabu, ƴan dako, masu canjin naira da sefa, masu abinci a bakin duwan, da ƴan ruwa-ruwa masu sayar da mai a kwalba. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. A ƙarshen Mayun 2023 aka cire tallafin mai a can, sana'ar ruwa-ruwa da ta ciyar da dubban gidaje daga nan har Damagaram ta durƙushe. Wata biyu bayan haka, juyin mulkin 26 ga Yuli ya jawo takunkumin ƙungiyar CEDEAO, aka sake garƙame iyaka har zuwa Maris na 2024. Duk lokacin da aka rufe babbar hanya, fatauci ba ya tsayawa, ɓarauniyar hanya yake komawa, kuma ɓarauniyar hanya ta cikin daji take bi, inda mai bindiga ne sarki. Haka muka gani a 2021, lokacin da jihohin Katsina da Zamfara da Sakkwato suka katse layukan waya, suka hana sayar da mai a jarka, suka rufe kasuwannin dabbobi: farashin jarka a daji ya haura, kuma ɓangarenmu aka juyo nema.

In kana son ka auna yadda talauci ya sa samarinmu suka raina mutuwa, ka tuna Garin Liman. A cikin wannan ƙaramar hukuma tamu aka gano zinariya a 2021, dubban mutane suka yi dafifi, ɗalibai suka bar aji suka tafi wankin ƙasa. A watan Nuwamba na shekarar ramuka suka rufta, aƙalla mutum 18 suka rasu. Aka rufe wurin, amma ba a daɗe ba wasu suka koma suna haƙa a ɓoye. Saurayin da zai sake shiga ramin da ya binne abokinsa, kana ganin tsoron kisa a gindin tsamiya zai hana shi ɗaukar jarka? Barazanar da kake so a yi masa, ya riga ya saba da wadda ta fi ta.

To, mu zo kan rundunar sa-kai, wadda ita ce zuciyar rubutunka. Wannan hanya an bi ta, kuma ba a nesa ba. Dokta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wanda ya shiga dazuzzuka ya zauna da ƴan bindigar kansu, ya gabatar da bincikensa a 2021, ya nuna cewa abin ya fara ne a Zamfara wajen 2011 da satar shanu da fashi. Abin da ya mayar da shi gobarar da ta ci jihohi shi ne ramuwa. Ƴan sa-kai suka riƙa tare Fulani a kasuwa suna kashewa ba shari'a ba bincike, mai laifi da marar laifi, su kuma ƴan uwan waɗanda aka kashe suka sayar da sauran shanu suka sayi bindiga. Madugun ƴan bindiga Bello Turji da bakinsa ya sha danganta shigarsa daji da irin wannan kisa. Wannan ba ya wanke shi daga jinin da ya zubar, ko kaɗan, amma yana nuna mana inda ɓarayi ke samun sababbin yara: marayun da aka kashe iyayensu a gabansu. Har gwamnatin Zamfara ta kai ga haramta ƴan sa-kai a 2019, bayan aikin gama ya gama.

Mu mutanen jihar Maraɗi ma ba sai an ba mu labarin Zamfara ba. Muna da Toda. A watan Oktoba na 1991, rikicin manoma da makiyaya a can ya ƙare da kisan mutum fiye da 100, mafi yawansu mata da ƙananan yara na Fulani. Manya ne suka yi wannan, masu gemu da iyali, a cikin fushin yini ɗaya. Kai kuma kana so a ɗauki wannan fushi a zuba shi a ƙirjin ɗan shekara 14, a haɗa masa da bindiga, a ce ya bambance ɓarawo da makiyayin da ya zo shayar da dabbobi a gulbi. Ajina akwai ƴaƴan Hausawa, akwai na Fulani, akwai na Buzaye, benci ɗaya suke zama. Ranar da aka ba ɗaya bindiga aka nuna masa rugar ɗaya, na san abin da zai biyo baya, kai ma ka sani.

Ka ce ƙauye mai ƴan sa-kai ba a kai masa hari. Je ka tambayi Banibangu a jihar Tilaberi. A farkon Nuwamban 2021 magajin garin da kansa ya jagoranci ƴan kwamitin sa-ido suka bi sawun mahara, aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka kwanta dama har da shi. Magidanta ne, sun san dajinsu, ba su rasa zuciya ba. Abin da suka rasa shi ne horo da makami da tallafin soja a bayansu. Akwai kuma abin da ya fi wannan tayar mini da hankali. A yau ɓarawo in ya shiga ƙauye, shanu yake nema da wanda zai ɗauka don kuɗin fansa. Ranar da ya san samarin ƙauyen mayaƙa ne, duk yaron da ya gani abokin gaba ne, har wanda ke kan hanyar lakwal da jaka a baya. Ba ɗan da ka ba bindiga kaɗai ka jefa a wuta ba, har da ƙanensa da bai san komai ba.

Barno ta gwada abin da kake nema, da sunan alheri kuma. Ƴan kato-da-gora na Maiduguri sun tashi a 2013 sun kori Boko Haram daga unguwanni, ba wanda zai raina wannan aiki. Amma sun cika sahunsu da yara masu tsaron shinge da bincike da leƙen asiri, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa sunansu a jerin masu amfani da yara a yaƙi a 2016. A Satumban 2017 suka sa hannu kan yarjejeniyar dainawa. Ranar 10 ga Mayun 2019 kaɗai, yara 894 aka sallama daga hannunsu, 106 daga ciki mata. Sai a 2021 aka cire sunansu daga jerin. Ɗaukar yaran bai ci wata guda ba, fitar da su ya ci shekaru, kuma shekarun karatun da suka rasa ba mai mayar musu. A Solhan ta Burkina Faso kuwa, inda aka kashe mutum fiye da 130 a dare ɗaya a watan Yunin 2021, gwamnatin ƙasar ce ta bayyana cewa yawancin maharan yara ne ƴan shekara 12 zuwa 14. Yaro yana iya kisa, Malam, har ya fi babba rashin waiwaye, don bai san nauyin rai ba tukuna. Saboda haka azzalumai ke sonsa. Ban ga yadda wannan zai zama dalilin da mu ma za mu so shi ba.

Hujjarka ta addini ita ce na fi so mu zauna a kanta, domin da ita za a rinjayi iyaye. Ka ambaci samarin sahabbai da suka fita yaƙi, kuma gaskiya ne sun fita. Amma duba Uhudu da kyau. Musulmi kimanin 700 ne a gaban runduna ta mutum 3,000, ranar da kowane hannu ake bukatarsa. A wannan rana ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsaya ya duba sahu, ya mayar da yara gida, cikinsu har da Abdullahi ɗan Umar mai shekara 14, wanda ya zo da ƙafarsa yana so. Sai a yaƙin Gwalalo, yana da 15, aka karɓe shi. Na san za ka ce to ga 15 nan, kuma an bar Rafi'u ɗan Khadij da Samura ɗan Jundub a Uhudu. An bar su bayan an gwada su ɗaya bayan ɗaya, a ƙarƙashin shugaban da ya hana kisan mata da yara da tsofaffi, cikin runduna mai jagora da tsari. Wane mai gari ne a bakin iyakar nan zai ce zai riƙe wannan ma'auni? Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya, wadda malaman zaure ke karantar da ita daga nan har Katsina, in alamun balaga ba su bayyana ba, shekara 18 ake jira. A wannan fiƙihu dai, yaron da bai balaga ba ko kisa ya yi ba a kashe shi, gangancinsa ana ɗaukarsa kuskure, diyya ce ke hawa kan danginsa. Shari'ar da ba ta kashe yaron da ya yi kisa ba, ta yaya za a jingina mata kashe yaron da ya ɗauki jarka?

Tarihin Maraɗi kuma ba na ja da kai a kan jaruntar sarakunanta irin su Ɗan Kasawa ko Ɗan Baskore. Sai dai yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 tsakanin Maraɗi da Katsina sun tashi garuruwa, sun mayar da ƙasar noma daji, musamman wajen Ruma. Gadon wancan zamani ke nan da ya kamata mai neman a maimaita shi ya fara tunawa.

Game da buƙatarka ta biyu, ban ce a shafa wa kowa kai ba. Dominic Ongwen na Yuganda an sace shi yana yaro a hanyar makaranta, ya girma a hannun ƴan tawaye ya zama kwamanda, kuma kotun hukunta manyan laifuka ta duniya ta ɗaure shi shekara 25 a 2021 saboda abin da ya aikata bayan ya girma. Babban da ya zaɓi daji ya amsa laifinsa. Amma shari'ar farko da kotun nan ta yanke, a 2012, a kan Thomas Lubanga na Kwango ce, kuma laifinsa shi ne ɗaukar yara ƴan ƙasa da shekara 15 aikin yaƙi. Mai ɗaukar yaro shi ne mai laifi, ko a daji yake ko a ƙofar fada. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin yaro ta 1990, wadda ƙasashenmu suka rubuta da kansu, ta hana sa ɗan ƙasa da shekara 18 a fagen yaƙi. Dokar Nijar ba ta ɗora wa ɗan ƙasa da shekara 13 alhakin laifi, wanda ya wuce haka kuma alƙalin yara ke duba lamarinsa. A Fabrairun 2017 gwamnatinmu ta sa hannu da Majalisar Ɗinkin Duniya cewa yaron da aka kama tare da masu ɗauke da makamai a miƙa shi ga ma'aikatan kare yara. Ba sabuwar doka nake roƙo ba. Wadda ke akwai nake so ta iso Ɗan Issa.

Ko da za ka ajiye tausayi da doka gefe, ka yi lissafin tsaro zalla, shawararka asara ce. Yaron aike ya san tsamiyar, ya san ranar, ya san fuskar mutumin da ke biyansa a cikin gari, kuma wannan mutum shi ne jijiyar. Gawa ba ta ba da labari. In aka kashe yaro ɗaya, sauran goma da ke cikin irin halinsa za su gane cewa gida ya fi daji haɗari, su ƙarasa shiga. Iyaye kuma za su kulle baki. Ɗalibina ya tsira ne saboda mahaifinsa bai ji tsoron zuwa wurin mai gari ba, shi kuma mai gari ya san jami'in da zai saurara ba tare da ya fara da mari ba. A Difa, a ƙarshen 2016, gwamnati ta yi wa mayaƙan Boko Haram tayin su ajiye makamai, aka buɗe cibiya a Gudumariya ana koya musu sana'a. Tsarin ya yi jinkiri, ya sha suka, amma mutane sun fito daga daji ta wannan ƙofa. In an buɗe wa magidancin da ya yi yaƙi ƙofa a Difa, ɗan shekara 13 da ya kai burodi a Madarunfa ya fi cancanta da ita.

Ka yi gaskiya da ka ce hukuma ta yi nisa da ƙauye, kuma mutum ba zai naɗe hannu ana yanka shi ba. Sojojin rundunar Farautar Bushiya suna ƙoƙari, an ga shanun da suka ƙwato da mutanen da suka kuɓutar, amma iyakarmu da Najeriya ta kai kusan kilomita 1,500, ba za su kasance ko'ina ba. In dole sai an ɗauki mutanen gari, to a ɗauki manya, a tantance su, a horar da su, a biya su, a rubuta lambar kowace bindiga, a sa su ƙarƙashin jandarma, kuma a haɗa Bahaushe da Bafulatani a sahu ɗaya don kada abin ya koma rundunar ƙabila. Ko jihar Katsina da ta kafa nata askarawan a Oktoban 2023, sai da ta yi doka ta ba su horo da albashi, kuma duk da haka ba a rasa koke a kansu ba. Takardar haihuwa ta zama sharaɗin farko, wanda ba shi da ita, limami da mai gari su shaida shekarunsa a rubuce.

Babban gibin kuwa yana sama da ƙauye. Ɓarawon da ya kwana a dajin Rugu yana iya karya kumallo a Baban Rafi, iyaka ba ta dame shi ba, jami'an ƙasashen biyu kaɗai take tsayarwa. A Satumban 2019 gwamnan Maraɗi na lokacin, Zakari Umaru, ya karɓi gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara a Maraɗi, aka yi maganar sintiri tare da musayar labari, mu mazauna iyaka muka ji sauƙin abin. Bayan Yulin 2023 zumuncin ya yi sanyi, Yamai da Abuja suka shiga zargin juna, har Nijar ta fice daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Cadi a 2025. An yi ƙoƙarin gyara: hafsan hafsoshin Najeriya ya zo Yamai a Agustan 2024, ministan harkokin wajenta ya biyo baya a Afrilun 2025. Ina fata abin ya sauko ƙasa, domin saɓanin shugabanni ko wane iri ne, bai kamata ya hana kwamandan Madarunfa ɗaga waya ya kira na Jibiya ba. Sulhun da wasu ƙananan hukumomin Katsina ke yi da ƴan bindiga ma ya shafe mu kai tsaye: wanda ya yi alkawarin barin Jibiya bai yi alkawarin barin Ɗan Issa ba, kuma ban ji an sa sakin yaran da ke hannunsu cikin sharuɗɗan ba. Da a kan wannan ka zuba ƙarfin alƙalaminka, da ni ne na farkon mara maka baya.

Akwai kuma aikin da ba ya bukatar harsashi ko ɗaya. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. A Tilaberi ɗaruruwan makarantu sun rufe, kuma binciken da Amnesty International ta fitar a Satumban 2021 ya nuna yadda masu iƙirarin jihadi ke jan samari a wajen Torodi da abinci da tufafi da ɗan kuɗi. Mu a nan makarantunmu a buɗe suke har yanzu, wannan ita ce garkuwar da ta rage mana. Na lura da abu guda cikin shekarun koyarwata: makarantar da ake dafa abincin rana, yaranta ba sa ɓacewa bayan hantsi. Kwanon shinkafa da wake ya fi jika 2 ta mai jarka arha, amma yana karya cinikinsa. Haka nan burtali da mashaya: dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa don a raba gardamar gona da kiwo tun ba ta yi jini ba, in aka bar su ba kuɗin ko da man babur, yaron ruga da aka ci tarar mahaifinsa ba bisa ƙa'ida ba zai sami mai share masa hawaye a daji. Titin jirgin ƙasa da ake shimfiɗowa daga Kano ta Jibiya zuwa Maraɗi, in Allah ya nufa ya iso, ina so a tambayi tun yanzu samari nawa na wannan ƙaramar hukuma za a koya wa aiki a kansa.

Ɗalibin nan nawa, kawunsa ya ɗauke shi ya kai shi Maraɗi wurin wani mai gyaran babur, don mutumin da ke aikensa kada ya sake ganinsa. Bai ƙarasa aji shida ba, wannan yana ci mini rai har yau, domin da ya yi nisa a lissafi. Yanzu ya zama saurayi, yana da ƴan yara biyu da ke koyon aiki a hannunsa. Da sallar bara ya zo gida, ya tarar da ni a bakin kasuwa, ya karɓi babur ɗina ya gyara mini birki, ya ƙi karɓar ko dala. Malam, in hanya ta kawo ka Ɗan Issa, ka sauka a wurina da safe kafin ƙarfe 8. Zan ba ka rajistar aji ka kira sunayen da kanka, su amsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ka nuna mini waɗanda kake so a fara ɗauka.